Ƙwayar Cutar Sammore: Murhunta Ɗaya Ne, Kuma Nan Ne Lagonta

Duk wanda ya taɓa harkar shanu a ƙasar Kurmi, ko a Kara ta bakin Ikko, ko a Akinyele ta Badun, ko kuwa a Lokpanta ta jihar Abiya, ya san sammore ba sai an kwatanta masa ba. Sa zai taso daga Arewa da ƙibarsa, bayan 'yan makonni sai a ga ya fara rama, gashinsa ya tashi, idanunsa suna hawaye, jini ya ƙaranta a jikinsa har dadashinsa ya yi fari. In saniya ce takan yi ɓari, ko nononta ya ƙafe. Kowa ya san ƙudan tsando ne ke kawo wannan cuta, kowa kuma ya san garin maganin nan da akan narka a ruwa a yi wa dabba allura. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda maganin yake zuwa ya kama ƙwayar cutar, da kuma dalilin da ya sa wani lokaci ya ci, wani lokaci ya ƙi ci. To, masana kimiyya sun gano cewa babban ɓangare na amsar yana cikin wani ɗan ƙanƙanen abu guda ɗaya tak da ke cikin ƙwayar, da kuma yadda yake sake kamanni sa'ad da ƙwayar za ta rabu biyu. Shi ne za mu yi wa masu karatu bayani a kai.

ITA KANTA ƘWAYAR

Sunan ƙwayar a wurin likitoci tirifanosoma. Halitta ce mai rai wadda duk jikinta ƙwaya ɗaya ce, siririya kamar ganyen turare, tana da wata 'yar bulala da ta fito daga bayanta ta bi jikinta har gaba, da ita take iyo a cikin jini. Saboda ƙanƙantarta, sai an jera kamar guda 40 tukuna su cika milimita ɗaya, don haka ba a ganinta sai da madubin likita.

Wani likitan soja Bature mai suna David Bruce shi ne ya gan ta a jinin shanu marasa lafiya a ƙasar Zulu ta Afirka ta Kudu a shekarar 1894, ya kuma nuna cewa tsando ne ke ɗaukar ta daga wannan dabba zuwa waccan. A 1901 kuma aka ga irinta a jinin mutum a Gambiya, daga nan aka gane cewa ciwon barci na mutane da sammoren shanu 'yan gida ɗaya ne. A nan Nijeriya an kafa cibiyar bincike a kan wannan cuta a Kaduna tun zamanin Turawa, da reshenta a Vom, kuma har yanzu tana nan.

Iri uku ne suka fi damun shanunmu, watau kongolensi da bibas da burusai. Biyun farko su suka fi yin ɓarna a garke, amma ta ukun, wadda aka sa wa sunan Bruce, ita aka fi bincike a kanta domin ta fi sauƙin renowa a ɗakin gwaji, kuma 'yan'uwanta na kusa ne ke kawo ciwon barci. Ba su haihuwa, ba su yin ƙwai. Guda ɗaya ce takan tsage daga tsawonta ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Ita burusai takan yi haka a cikin awa 6 ko ƙasa da haka, saboda haka mai karatu sai ya lissafa da kansa yawan da za su yi a cikin mako guda in babu abin da ya tare su.

MURHUN ƘWAYA

Jikin mutum da na dabba an gina su ne da ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai waɗansu ƙananan jakunkuna da ake kira mitokondiriya. Aikinsu shi ne su ƙona abincin da aka ci, tare da iskar da aka shaƙa, su fitar da ƙarfin da ƙwayar za ta yi aiki da shi. Don saukin magana bari mu kira su murhu. A ƙwaya ɗaya ta hantar mutum akan sami irin wannan murhu fiye da 1,000.

Idan ƙwayar jikin mutum za ta rabu biyu, rabon murhu ba ya ba ta wahala. Sai su tsinke ƙanana ƙanana su bazu ko'ina, sa'an nan in ƙwayar ta tsage, kowane ɓangare ya tafi da abin da ya faɗo a wajensa. In wannan ya sami 600 wancan ya sami 400, duk za su rayu, kamar dai a raba buhun gero da kwano, ba mai tsayawa ƙirga tsaba.

Ita kuwa tirifanosoma murhunta ɗaya ne rak. Ba ta da na ajiya, ba ta kuma iya ƙera sabo daga babu, sai dai wanda take da shi ya girma a raba shi. Ashe ke nan duk sa'ad da za ta rabu, tilas ne murhun ya ninka girmansa, ya rabu daidai lokacin da ya kamata, kowace ɗiya ta sami nata cikakke. In aka yi kuskure sau ɗaya, ɗiyar da ta fito hannu rabbana ba za ta yi rai ba.

KAMA BIYU: A JINI DA CIKIN ƘUDA

Wani abin mamaki shi ne, murhun nan ba kamanninsa ɗaya ba a duk tsawon rayuwar ƙwayar. Sa'ad da burusai take cikin jinin sa ko na mutum, tana cikin daula, domin jini cike yake da sukari. Sai ta riƙa zuƙar sukarin tana farfasa shi sama-sama a waɗansu jakunkuna dabam, tana zubar da saura, ba ta damu da tattali ba. A wannan hali murhun yakan tsuke ya zama siririn bututu guda ɗaya, daga bayan ƙwayar zuwa gabanta, kamar kara.

Amma da zarar tsando ya tsotse ta, ta sami kanta a cikin hanjinsa, daular ta ƙare. Sukari ba ya daɗewa a can, sai ta koma ga wani sinadari mai suna furolin, wanda shi ƙudan ma da shi yake tashi sama. Shi kuwa furolin sai da cikakken murhu ake ƙona shi. Don haka bututun nan sai ya yi rassa, rassan su haɗu da juna, har ya zama kamar ragar kamun kifi da ta kewaye cikin ƙwayar duka. Ƙwayar ma ba ta jira sai ta shiga ƙuda ba. In sun yi yawa a jini, waɗansu daga cikinsu sukan daina rabuwa, su gajarce su yi kauri, su fara hura murhunsu, suna sauraron zuwan tsando, kamar matafiyin da ya ɗaure kayansa tun jirgi bai iso ba.

SULKEN DA KE CIKIN MURHU

Kowace halitta tana da kundin gado, wanda masana ke kira di-en-e, inda aka rubuta yadda za a ƙera kowane sashe nata. Mafi yawan kundin yana cikin cibiyar ƙwaya, amma shi murhu yana da ɗan nasa na kansa. A jikin mutum ɗan ƙaramin zobe ne. Na tirifanosoma da danginta na kusa kuwa babu irinsa a duk sauran halittun da aka bincika. Zobba ne dubbai, an sarƙa su cikin juna, kowane ƙaramin zobe yana riƙe da maƙwabtansa kamar uku. Wanda ya taɓa ganin sulken da barade ke sawa ranar hawan salla a Kano ko Katsina ya riga ya ga fasalinsa. An naɗe sulken nan ya zama ɗan faifai a ƙarshen murhun ta baya, kuma shi ake kira kinetofilas.

Zobban iri biyu ne: manya kamar ashirin da 'yan kai zuwa hamsin, da ƙanana dubbai. A manyan ne aka rubuta yadda za a ƙera waɗansu sassan murhun, sai dai rubutun a gurguje yake, haruffa da yawa sun ɓace, har ba ya karantuwa. A 1986 wani masani mai suna Rob Benne a Amstadam ta ƙasar Holan ya gano cewa ƙwayar takan kwafi rubutun ta cike haruffan da babu. A 1990 kuma masana a Kalifoniya ta Amurka suka gano 'yan jagororin da ke nuna inda za a sa kowane harafi, daga baya kaɗan aka tabbatar cewa yawancinsu daga ƙananan zobban suke fitowa. Misalinsa kamar wasiƙar ajami ce da aka rubuta babu wasali, ga kuma waɗansu 'yan takardu dabam da ke nuna inda kowane wasali zai zauna. In 'yan takardun suka ɓace, wasiƙar ta zama banza. Saboda haka kowace ɗiya tana bukatar manyan zobba da kuma kowane iri na ƙananan.

YADDA AKE RABON

To, yaya ake raba sulke biyu ba tare da an yaga shi ba? Ga yadda abin yake tafiya, kuma a kan wannan jeri yake zuwa kullum.

Da fari ƙwayar takan fara ninka zobban. Akwai wani sinadari da aikinsa ke nan, ya ɓalle ƙaramin zobe daga sulken, a kwafe shi ya zama biyu, sa'an nan a mai da su a sarƙa a gefen faifan. Haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya har dubban nan su ƙare, kuma sabon zobe yakan zauna da wata 'yar kafa da ba a rufe ba, wadda ita ce alamar an riga an kwafe shi, kada a maimaita.

A daidai wannan lokaci gindin bulalar nan da ƙwayar ke iyo da ita yakan yi sabon ɗan'uwa a gefensa, sabuwar bulala ta fara tsirowa daga gare shi. Nan ne hikimar take. Shi sulken ba a sake yake ba, a ɗaure yake da gindin bulala, kamar saniya a turke. A 1991 waɗansu masana biyu a Manchesta ta Ingila, Derrick Robinson da Keith Gull, suka nuna cewa in gindin tsohuwar bulala da na sabuwa suka fara nisantar juna, su ne ke jan sulken har ya rabu gida biyu. A 2003 kuma aka bayyana ita kanta igiyar ɗaurin, kuma wanda sunansa ya zo farko a wannan aiki ɗan Nijeriya ne, Emmanuel Ogbadoyi, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Shi da malaman nan biyu suka nuna cewa igiyar hawa uku ce: zare daga gindin bulala zuwa bangon murhu, sai shi bangon, sai kuma wani zaren daga cikin bangon zuwa sulken. Da yake kowace ɗiya dole ta tafi da bulala ɗaya, kowace ke nan za ta ja turkenta da rabin sulken da ke ɗaure a jikinsa.

Sai shi gangar jikin murhun. A 2016 masana a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan suka sa wa murhun wani launi mai haske, suka duba ƙwayoyin burusai na jini fiye da 1,000. Sai suka ga cewa bututun nan ba tsagewa yake yi daga sama har ƙasa kamar an tsaga rake ba. Tsiro yake yi a wuri biyu, gaba da cibiyar ƙwayar da kuma bayanta. Rassa da madaukai su fito, su yi ta tsawo har su haɗu, murhun ya zama raga na ɗan lokaci. Sa'ad da jikin ƙwayar ya fara lotsawa a inda zai tsage, sai a sassabe rassan da suka gitta, a bar bututu biyu, kowace ɗiya ta ɗauki ɗaya. A 2018 kuma waɗansu masana a jihar Fensilbeniya ta Amurka suka ɗauki hoton majigi na wata 'yar'uwar tirifanosoma da ke zaune a cikin sauro, wadda ba ta kama mutum, suka ga rassan murhunta kullum cikin tsinkewa da haɗuwa suke, ko da ba lokacin rabuwa ba ne.

Jerin ke nan: sulke ya fara rabuwa, sa'an nan cibiya, daga ƙarshe jiki ya tsage daga gaba zuwa baya. Mai aikin gwaji yakan gane inda ƙwaya ta kai da ƙirga ɗigo kawai. Ƙaramin ɗigo ɗaya da babba ɗaya, ba ta fara ba. Ƙanana biyu da babba ɗaya, tana tsakiya. Biyu da biyu, ta kusa tsagewa. Akwai kuma wani sinadari da ke naɗe wuyan murhun ya shaƙe shi har ya tsinke, kuma da aka hana shi aiki a ɗakin gwaji, sai ƙwayoyin suka tsaya a rabin hanya, sun kasa ƙarasa rabuwa.

INDA MAGANI YAKE KAMAWA

Magungunan sammore da aka sani uku ne. Akwai diminazin, wanda masu shanu suka fi sani da sunan Berenil, da homidiyum wanda ake sayarwa da sunan Ethidium ko Novidium, dukansu tun shekarun 1950. Sai isometamidiyum, watau Samorin, na farkon shekarun 1960. Har yau su ake dogara da su. An yi shekaru ana amfani da su ba a san takamaiman yadda suke kisa ba. Yanzu an san cewa dukansu suna da ƙawazucin sulken nan, sukan taru a cikin murhu su manne wa zobban. A 2010 masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna cewa Ethidium yana hana a kwafi ƙananan zobban, don haka ƙwayar ta yi ta rabuwa sulkenta yana ƙarewa har ya ɓace, ita kuma ta mutu. Da yake ƙwayoyin jikin sa ba su da irin wannan sulke, maganin ya fi yi wa cutar illa a kan dabbar, muddin ba a wuce ƙima ba.

Mai karatu zai iya tambaya, tun da an ce a cikin jini murhun a tsuke yake, me zai sa ƙwayar ta mutu don ta rasa sulke? Dalili shi ne, ko a tsuken yana da ayyukan da ba makawa sai an yi su, kuma akwai wani ɗan inji a bangonsa da ke riƙe da cajinsa, wanda sashe guda nasa a cikin sulken aka rubuta shi.

Sai dai fa ƙwayar ma tana da dabara. A 2013 masana a Edinbara ta Sikotilan suka nuna cewa canjin harafi ɗaya tak a kundin cibiya ya isa ya sa injin nan ya yi aiki ba tare da wancan sashe ba, ƙwayar ta ci gaba da rayuwa a jini babu sulke. A shekarar da ta biyo suka nuna cewa irin wannan ƙwaya ba ta jin Samorin da Ethidium kamar da. Ba a ɗakin gwaji kaɗai ake ganin haka ba. Cutar da ke ramar da raƙuma a Nijar da Chadi da Sudan wata jikar burusai ce ke kawo ta, wadda ta rasa manyan zobbanta tun da daɗewa. Ba ta iya hura murhu, don haka ba ta iya zama a cikin tsando, sai ta koma bin bakin waɗansu ƙudaje masu cizo, kuma ta haka ta kai har Indiya da Amurka ta Kudu, inda babu tsando ko ɗaya. Akwai kuma wata hanyar bijirewa, inda ƙwayar ke toshe ƙofar da magani yake bi ya shiga jikinta.

HAR DA ZAZZAƁIN CIZON SAURO

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba dangin tirifanosoma ba ce, ba ta da sulke, amma ita ma murhunta ɗaya ne, kuma nata rabon ya fi wuya. In ta shiga jar ƙwayar jini, ba biyu take rabuwa ba, takan fitar da 'ya'ya 16 har zuwa 32 a cikin awa 48. Masana a Melbon ta Ostireliya sun nuna a 2005 cewa murhun yakan yi tsawo ya yi rassa, kowane reshe ya nufi inda ɗiya za ta fito, amma ba ya tsinkewa sai can daf da ƙarshe, sa'an nan kowace ta yanki nata. Maganin nan atobakon, wanda ke cikin Malarone da akan ba matafiya, murhun nan yake kashewa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ta wajen mutane an ci nasara mai yawa. A 1998 an kai rahoton masu ciwon barci kusan 40,000 ga Hukumar Lafiya ta Duniya, amma a 2018 ba su kai 1,000 ba, kuma a wannan shekara aka amince da wani maganin haɗiya na kwana 10 mai suna fekzinidazol. Duk da haka, wanda ke zaune kusa da kurmin rafi, musamman wajen Abraka ta jihar Delta inda aka san da cutar, in zazzaɓi ya ƙi jin maganin sauro, ga kaluluwa a bayan wuya, ga barcin rana da rashin barcin dare, to ya je asibiti ya gaya wa likita inda yake zaune.

Ta wajen shanu ne da sauran aiki, domin Bunaji da Rahaji da Bokolo ba su jure sammore kamar Muturu da Keteku na Kudu, ga shi kuma magunguna ukun nan su ke nan. Duk sa'ad da aka raba ƙunshin sa ɗaya aka yi wa shanu biyu, ko aka kimanta nauyin dabba da ido aka rage, ko aka sayi jabu don araha, ƙwayoyi masu rauni ne kawai za su mutu. Waɗanda suka fara koyon bijirewa su za su saura, su yi ta rabuwa, tsando ya kwashe su ya kai garken maƙwabci. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa fatake da dillalai da makiyaya, a bar malamin dabbobi ya duba jini ya tabbatar sammore ce, a auna dabba da tef ko sikeli, a ba da cikakken magani, a narka shi da ruwa mai tsabta. In an yi Samorin bai ci ba, kada a maimaita shi ko a koma Ethidium, domin 'yan gida ɗaya ne, likita ne zai ce a juya zuwa Berenil. Kada kuma a kai dabba mayanka ko a sayar da nononta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika, don abin da ya saura a nama cikin mutane zai shiga. Shugabannin zango da na ƙungiyoyin masu shanu su ya kamata su fara tsayawa a kan wannan, tun maganin yana ci. Allah ya tsare mana dukiyarmu da lafiyarmu, amin.